Agogon Ƙofar Baya: Yadda Wani Filin Sauke Kaya a Legas Ya Sha Fama da Lokaci

Wurin da yadda ake aiki a cikinsa

Filin da wannan nazari ya shafa yana kusa da kasuwar Mile 12 a Legas, kuma sana'arsa ita ce karɓar manyan motocin da ke sauko da kayan gwari daga Arewa: tumatir da tattasai da attaruhu daga Kano da Kaduna, albasa daga Sakkwato da Aliero ta jihar Kebbi. Mai filin dattijo ne da ya daɗe a harkar, kowa Alhaji yake ce masa. Filin yana da ƙofa biyu, ta gaba wadda ke jikin ofis, da ta baya wadda ake buɗewa da dare idan titi ya cushe. Galibin motocin da dare suke isowa, bayan tafiyar kusan kilomita 1,000.

Doka biyu ce ke riƙe da wurin. Ta farko, wanda ya riga shigowa shi ake fara sauke wa, domin 'yan dako ba su da yawa, kuma kwandon tumatir da ya riski dillalai da asuba ba kuɗinsa ɗaya ba da wanda ya fito bayan rana ta take, ya fara zubar da ruwa. Ta biyu, duk motar da ta shigo kafin ƙarfe 12 na dare za ta biya kuɗin kwana, wadda ta shigo bayan haka ba za ta biya ba. Dokokin biyu a kan agogo suka dogara. Shekara da shekaru akawu ne ke duba agogon hannunsa ya rubuta a littafi, kuma ba a rasa zargin cewa yana fifita na gida.

Wani matashi ɗan Agege, wanda ya koyi gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja sannan ya koyi rubuta manhaja, shi ya kawo wa Alhaji shawarar a sa na'ura. Ya ɗora ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 a kowace ƙofa, da na'urar buga rasit, da modem mai layin waya. Manhajar da ya rubuta da harshen kwamfuta na Python tana karɓar lambar mota, ta ɗauki lokaci daga agogon kwamfutar, ta buga rasit, ta kuma aika bayanin zuwa rumbu guda a intanet, inda ake jera motocin ƙofofin biyu bisa lokacin shigowarsu. Na'urar ƙofar gaba tana kan inbatar ofis. Ta ƙofar baya kai tsaye take jone da wutar layi. Ranar da ya kafa su ya saita agogonsu da hannu daga wayarsa, kuma saboda Alhaji ya ja masa kunne a kan kuɗin data, ya kashe duk wani aiki da ke taɓa intanet ba tare da an umarce shi ba. Cikin waɗanda ya kashe har da systemd-timesyncd, wanda shi ne ke daidaita agogon da kansa.

Mako na 2: rasit na farko da ya jawo rigima

Kwana tara aka yi lafiya. A dare na goma aka ɗauke wuta da misalin ƙarfe 9:40, ba a dawo da ita ba sai 2:30 na dare. Minti goma bayan dawowarta wata motar albasa ta shigo ta ƙofar baya, aka ba direban rasit mai ɗauke da 9:27 na daren jiya. Da gari ya waye sai ga sunansa a saman jeri, gaban motocin tumatir huɗu da suka shigo ta gaba tun wajen ƙarfe 11, waɗanda direbobinsu suka gan shi da idonsu yana shigowa bayansu. Shi kuma da aka nemi ya biya kuɗin kwana sai ya tada jijiyar wuya, ya ce ƙarfe uku saura ya iso, yana da shaidu. Rasit guda ya cuci ɓangare biyu.

Alhaji ya kira matashin ya ajiye masa takardar a kan tebur, ya ce, “Kai yaro, na'urar taka ma ta san na gida ne?” Matashin ya ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe.”

Da ya tattara rasit ɗin da aka yi ƙorafi a kansu cikin kwanakin da suka biyo baya, ya lura da wani abu: duk sun faɗo jim kaɗan bayan minti na 17 na wata sa'a, kamar 9:27, 7:21, 11:19. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san na'urar. Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batir irin wanda ke cikin kwamfutar tebur, saboda haka da zarar wuta ta ɗauke ba ta da abin da ke ci gaba da ƙirga. Abin da take da shi wata 'yar manhaja ce mai suna fake-hwclock, wadda ke rubuta lokaci a fayil sau ɗaya a kowace sa'a, kuma a tsarin Debian, nau'in Linux da na'urar ke aiki da shi, ayyukan sa'a-sa'a a minti na 17 suke tashi. Idan na'urar ta farfaɗo sai ta karanta fayil ɗin, ta ci gaba daga nan kamar ba a yi komai ba. A wancan daren ta farka a kan 9:17, ta ƙirga minti goma, ta buga 9:27. Kowace ɗaukewar wuta kuma ƙara mata tazara take yi a kan ta baya.

Mako na 3: ɗauko lokaci daga shafin intanet

Maganin da ya fara zuwa masa shi ne mafi kusa da hannu. Duk lokacin da kwamfuta ta buɗe shafi a intanet, sabar shafin, wato kwamfutar da ke riƙe da shi, tana haɗo amsarta da wani layi mai suna Date, mai ɗauke da rana da lokaci. Sai ya sa manhajar ta buɗe wani babban shafi a duk farkawa, ta karanta layin, ta saita agogo da shi.

A ranar farko ƙofar baya ta koma baya da sa'a ɗaya cif. Layin Date da lokacin GMT ake rubuta shi, Najeriya kuwa tana gaba da shi da sa'a ɗaya duk shekara, shi kuma ya miƙa wa agogon lambobin kamar na Legas ne. Wannan ya gyara cikin minti biyar. Na biyun ya fi wuya. Katin ajiyar na'urar baya ya lalace saboda yawan yankewar wuta, ya sa sabo daga kwafin da ya adana tun watanni da suka wuce, na'urar ta tashi da kwanan watan wancan kwafin. Shafin da take nema ta HTTPS, wato hanya mai tsaro, ake buɗe shi, kuma kafin a buɗe sai kwamfuta ta duba takardar shaidar tsaron shafin ta ga ko tana cikin wa'adinta. Da yawa daga cikin irin waɗannan takardu wa'adinsu gajere ne, na Let's Encrypt alal misali kwana 90 ne aka saba. A idon na'urar, ranar fara aikin takardar ba ta ma zo ba tukuna, sai ta ƙi buɗe shafin. Ba za ta sami lokaci ba sai ta buɗe shafin, ba kuma za ta buɗe shafin ba sai lokacinta ya yi daidai. Ya koma HTTP marar tsaro don kauce wa wannan, sai wata rana data ta ƙare, kamfanin layin ya karkatar da buƙatar zuwa nasa shafin na sayen data, manhajar ta tsaya da kuskure ba ta buga rasit ko ɗaya ba har akawu ya koma littafi.

Mako na 4 da na 5: rubuta tambayar NTP da hannu

A nan ne ya gano cewa akwai ƙa'idar da aka gina musamman domin wannan aiki. Sunanta NTP, ƙa'idar daidaita agogo ta intanet, kuma tana cikin tsofaffin ƙa'idojin intanet da har yau ake amfani da su. David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware a Amurka kuma ya rasu a watan Janairun 2024, shi ya tsara ta, an fara wallafa bayaninta a 1985, kuma siga ta huɗu da ake aiki da ita yanzu tana cikin takardar RFC 5905 ta 2010. Tambayar ɗan ƙaramin saƙo ne na bayit 48 da ake aikawa ta UDP, wata hanyar aika gajerun saƙonni a intanet, zuwa ƙofar sadarwa mai lamba 123 a kan sabar, amsar ma bayit 48 ce. Sabobin hawa-hawa ne: agogon atam ko na'urar GPS su ne tushe, sabar da ke jone da su kai tsaye ita ce hawa na 1, mai karɓa daga gare ta hawa na 2, haka har ƙasa. Tun 2003 akwai gungun sabobin sa-kai da ake samu ta adireshin pool.ntp.org, kyauta.

Ya rubuta layi kamar goma sha biyu. Bayit na farko ya sa masa ƙimar da ke nuna cewa mai tambaya ne, sauran 47 ya bar su sifili, ya aika, ya karɓi amsa, ya ciro lokacin da sabar ta aiko daga bayit na 40 zuwa na 47. A gwajin farko a kan teburinsa shekarar ta fito gaba da shekara 70. NTP daga ranar 1 ga Janairun 1900 take ƙirga sakan, Linux da Python kuwa daga 1 ga Janairun 1970, tazarar da ke tsakani sakan 2,208,988,800 ce, kuma wajibi ne a cire ta. Ya cire, lokaci ya fito daidai da na wayarsa, ya kai filin ya ɗora. Don ya ƙara samun natsuwa, ya sa manhajar ta tambayi sabar kafin buga kowane rasit, ta saita agogon kwamfutar nan take, idan kuma an sami kuskure ta sake tambaya ba tare da jira ba.

Matsala uku suka fito cikin kwana goma sha biyu, kuma kowacce ta cancanci a tsaya a kanta.

Ta farko ita ce daskarewa. UDP ba ta yi wa kowa alkawarin isar da saƙo. Idan ya ɓace a hanya ba wanda zai sanar da kai, kuma a layin waya da daddare, ana ruwan sama irin na Legas, ɓacewar saƙo ba abin mamaki ba ne. Bai sa wa'adin jira ba, saboda haka manhajar ta zauna tana sauraron amsar da ba za ta taɓa zuwa ba. Mai gadin ƙofar baya ya danna maɓalli har ya gaji, motoci shida suka yi layi har bakin titi, sai da ya zare wayar wutar ya mayar. Matashin ya sa wa'adin sakan biyu.

Ta biyu ta fito ne daga gyaran ta farko. Yanzu da wa'adin ya cika sai manhajar ta sake tambaya, ta sake, ta sake, ba hutu. Masu riƙe da sabobin lokaci sun daɗe da sanin wannan ɗabi'a. A 2003 wasu na'urorin rarraba intanet na kamfanin Netgear, waɗanda aka rubuta musu adireshin sabar Jami'ar Wisconsin a cikinsu, sun riƙa tambayarta kowane sakan idan ba su sami amsa ba, har suka cika wa jami'ar layi. Don haka ƙa'idar ta tanadi hanyar cewa “ka rage”: sabar tana dawo da amsa mai hawa na 0 da kalmar RATE a ciki, kuma an umarci mai tambaya kada ya ɗauki lokacin da ke cikin irin wannan amsa. A layin waya abin ya fi saurin faruwa, domin masu layi da yawa da adireshi guda suke fita intanet, sabar kuma a matsayin mutum ɗaya take ganinsu. Manhajar matashin ba ta duba hawa, ba ta duba komai sai bayit takwas ɗin nan. A wani dare suka zo duk sifili, ta cire tazarar shekara 70, ta buga wa wani direban tumatir rasit mai cewa ya shigo ranar 1 ga Janairun 1900, ƙarfe 12:13 na dare. Minti 13 ɗin ba kuskure ba ne: kundin yankunan lokaci da ke cikin kwamfutar ya san cewa a wancan zamani Legas da lokacin ranarta take aiki, wanda ke gaban Greenwich da minti 13 da sakan 35. Ni mai wannan rubutu na riƙe wannan rasit a hannuna, takardar ta yi laushi da maiƙo saboda yawan hannun da ta zaga, domin direban sai da ya nuna wa duk wanda ke filin.

Ta uku ba ta yi ƙara ba, amma ita ta fi taɓa jerin. Agogon ƙofar gaba, wanda ba ya mutuwa, yana ɗan gudu. Ɗan dutsen da ke kaɗawa a cikin irin waɗannan na'urori, wanda da shi ake ƙirga lokaci, yakan kauce da 'yan ɓangarori cikin miliyan, kuma kaucewar kashi 20 cikin miliyan ta kai sakan 1.7 a rana. An yi kwanaki tambayar NTP ba ta fita daga ofis, domin a lokacin an mayar da na'urar gaba kan intanet ɗin ofishin, shi kuma yana toshe ƙofa ta 123. Wasu masu ba da intanet sun ɗauki wannan mataki tun bayan hare-haren 2013 da 2014, lokacin da aka riƙa amfani da sabobin NTP wajen yi wa wasu ambaliyar saƙonni. Da aka mayar da ita kan layin waya, tambayar farko da ta yi nasara ta fizgo agogon baya lokaci guda, a tsakanin motoci biyu da suka shigo a jere ɗaya na bin ɗaya. Ta biyun ta sami lokaci da ya riga na ta farkon, jerin ya juya su.

Zuwa ƙarshen mako na 5 Alhaji ya sa a dawo da littafi gefe da na'urar, ya ce idan wata ya ƙare ba a ga haske ba za a kwashe kayan.

Mako na 6: aunawa kafin gyara

A wannan mako ne matashin ya same ni, kasancewar aikina kula da sabobi ne. Mun yarda ba za mu taɓa komai a filin ba sai mun yi kwana uku muna aunawa. Mun gyara 'yar manhajarsa ta daina saita agogo, ta koma rubuta abin da ta gani kawai, sau ɗaya a kowane minti goma, da lokuta huɗun da ƙa'idar ta tanada maimakon ɗaya.

Lokutan huɗu su ne: sa'ar da tambaya ta bar na'ura bisa agogon na'urar, sa'ar da ta isa saba bisa agogon sabar, sa'ar da amsa ta bar sabar, da sa'ar da ta dawo na'ura. Ga misali guda mai sauƙin bi. Tambaya ta fita 10:00:00.000, ta isa 10:00:04.180, amsa ta fito 10:00:04.182, ta dawo 10:00:00.322. Tafiya da dawowa sun ci sakan 0.322, a cire 0.002 da sabar ta riƙe saƙon, saura 0.320. Tazarar agogon biyu kuma ana samunta ne ta haɗa 4.180 da 3.860 (wato 4.182 a cire 0.322) a raba biyu, wato na'urar tana baya da sakan 4.020. Lissafin yana ɗauka cewa tafiya da dawowa tsawonsu ɗaya ne, abin da ba lallai ya kasance haka ba a layin waya, amma ko da duk jinkirin a ɓangare guda yake, kuskuren ba zai wuce rabin 0.320 ba, wato sakan 0.160. Ke nan kowace amsa tana zuwa da ma'aunin yadda za a yarda da ita, kuma amsar da ta yi saurin dawowa ta fi wadda ta daɗe a hanya inganci.

Kwana ukun sun nuna mana cewa jinkirin layin yana hawa yana sauka, wani lokaci ya haura sakan ɗaya, kuma akwai amsoshin da ba sa zuwa sam. Sun kuma nuna cewa bayan dawowar wuta kwamfutar tana gama tashi cikin ƙasa da minti ɗaya, modem kuwa sai ya yi minti biyu zuwa huɗu kafin ya kama layi. A cikin wannan giɓin babu wata saba a duniya da za ta taimaka, kuma a cikinsa ne mai gadi ya fi buga rasit, domin motocin da suka taru cikin duhu suna jira.

Mun zauna da Alhaji muka tambaye shi iyakar kuskuren da zai iya jurewa. Ya ce, “Malam, mota ba ta shiga ƙofa cikin sakan biyar. Ku ba ni agogo biyu da ba za su saɓa da juna da fiye da haka ba, kuma kada ya koma baya.”

Mako na 7: abin da aka yi

An fara da agogo mai batir. An sayo ƙananan allon lantarki biyu masu ɗauke da agogon DS3231, wanda ke gyara kansa bisa zafin wuri, kuma masu ƙera shi sun ba da iyakar kaucewarsa a kashi 2 cikin miliyan tsakanin digiri 0 da 40, kimanin minti ɗaya a shekara. An jona su da kwamfutocin ta I2C, wata hanyar haɗa ƙananan na'urori da waya, an cire fake-hwclock. Akwai tarko a nan da ya kamata a ambata: da yawa daga cikin allunan masu araha suna da hanyar caji da aka yi domin batir LIR2032, idan kuma aka sa musu CR2032 wanda ba a cajinsa, zai iya kumbura. An cire ɗan abin da ke kai cajin kafin a sa batir.

Sannan aka karɓe aikin daidaita agogo daga hannun manhajar rasit gaba ɗaya, aka ba chrony, manhajar da aka gina domin daidaita agogo ta NTP. An nuna masa gungun pool.ntp.org ya zaɓi sabobi huɗu, domin idan ɗaya ta kauce sauran za su tona ta. An umarce shi ya yi tsalle da agogo ne kawai a gyare-gyare uku na farko bayan tashi, kuma sai idan tazarar ta haura sakan ɗaya. Bayan haka duk gyaran da zai yi ta hanyar ɗan rage wa agogon gudu ne ko ƙara masa, har ya daidaita ba tare da ya koma baya ba. Yana kuma koyon yadda dutsen kowace na'ura ke kaucewa ya adana a fayil, ya ci gaba da gyarawa ko babu intanet, yana kuma sabunta agogon batir lokaci-lokaci. Ba a haɗa da time.google.com ba, ko da yake tana da kyau, domin idan aka ƙara wa agogon duniya sakan ɗaya, kamar yadda aka yi na ƙarshe ranar 31 ga Disambar 2016, Google shimfiɗa shi take yi a kan sa'a 24, sabobin gungun kuwa ba haka suke yi ba, kuma ba a son a gauraya iri biyun.

An ja waya daga ofis zuwa ƙofar baya, aka sa na'urar gaba ta zama sabar lokaci ga ta baya, wadda aka umarta ta fifita ta a kan na waje. Ko da duka biyun sun ɗan kauce wa duniya, tare za su kauce, jerin kuma ba zai rikice ba.

A manhajar rasit an yi canji huɗu. Tana adana lokaci da UTC, lokacin bai ɗaya na duniya, sai wajen bugawa take mayar da shi na Legas. Kowane rasit yana da lambar jeri da ba ta dogara da agogo ba. Duk inda ake auna tsawon wani abu, kamar wa'adin jira, da agogon da ke ƙirga tun daga kunna na'ura ake yi, wanda ba ya komawa baya. Na ƙarshe, kafin ta buga, tana duba ko chrony ya daidaita ko kuma agogon batir ya ba da lokaci da bai gaza na rasit ɗin ƙarshe ba. Idan ba ɗaya daga ciki, za ta buga rasit ɗin da manyan baƙaƙe a samansa, LOKACI BAI TABBATA BA, mai gadi ya rubuta na wayarsa da biro, direba ya sa hannu.

Batun data, wanda shi ya sa aka kashe daidaitawar tun farko, an lissafa shi a gaban Alhaji. Kowace tambaya da kayan tafiyarta bayit 76 ce, amsar ma haka. Chrony yana farawa da tambaya kowane sakan 64, yana tsawaitawa har zuwa sakan 1,024 idan agogo ya natsu. A wannan mataki sabobi huɗu suna cin kimanin kilobayit 51 a rana, abin da bai kai hoto guda na WhatsApp ba.

Mako na 8 zuwa na 14: sakamako

An bar littafi yana tafiya tare da na'urar har mako shida. A tsawon wannan lokaci an ɗauke wuta a ƙofar baya sau da yawa, kuma kowane karo na'urar ta tashi da lokacin da ya dace tun kafin modem ya kama layi. Tazarar agogon ƙofofin biyu, bisa abin da chrony ke nunawa, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. An taɓa yin kwana uku babu data, da ta dawo kuma gyaran da ya rage bai kai sakan ɗaya ba, abin da ya yi daidai da lissafi, domin kashi 2 cikin miliyan a kwana uku rabin sakan ne. Gargaɗin nan na manyan baƙaƙe ya fito sau biyu, duka a dare guda, da aka buɗe akwatin kuma aka tarar wayar allon agogon ta kwance, aka like ta da dalma. Alhaji ya mayar da kuɗin kwanan da aka karɓa bisa kuskure ga waɗanda aka iya ganowa ta hanyar littafi. Ɗaya daga cikin direbobin tumatir huɗun nan na dare na goma bai sake kawo kaya filin ba.

Hukunci

A ganina matashin ya yi kusan wata guda yana amsa tambayar da ba ita ce ta filin ba. Tambayarsa ita ce yadda zai ɗauko lokaci daidai daga intanet, kuma a yunƙurinsa na biyu ya kusa iya yin hakan. Abin da filin ke bukata shi ne lokaci daidai a minti ukun da babu intanet, da agogo biyu da suka yarda da juna, da tabbacin cewa lokaci ba zai koma baya ba. Allon batir ne ya magance na farko, wayar da aka ja tsakanin ƙofofi ta magance na biyu, chrony ya magance na uku. Daga cikinsu allon batir ya fi komai tasiri, kuma da aunawar kwana ukun nan aka fara, da tun a mako na 2 an gan shi.

Ban ɗauki rubuta tambayar NTP da hannu a matsayin ɓata lokaci ba, domin da ita muka yi awon da ya buɗe mana ido, kuma akwai ƙananan na'urori da ba su da wurin ɗaukar chrony, inda ba makawa sai an rubuta. Amma wanda zai yi haka dole ya sa wa'adin jira, ya tsawaita tazara bayan kowace gazawa, ya cika lokacin aikawarsa a cikin tambaya ya kuma tabbatar amsar ta dawo masa da shi, ya yi watsi da amsa mai hawa na 0 ko mai nuna cewa sabar kanta ba ta daidaita ba ko mai lokaci sifili, sannan ya yi lissafi da lokuta huɗun. Layi goma sha biyun ba su yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma kusan kowane giɓi sai da wani direba ya biya kuɗinsa.

Abu biyu sun rage a buɗe. NTP ta asali ba ta tabbatar da wanda ya aiko amsa, kuma maganin da aka tanada, NTS, wanda aka wallafa a RFC 8915 a 2020 kuma chrony yake ɗauka tun siga ta 4.0, ba a kunna shi ba tukuna, ko da yake yanzu da na'urorin ke tashi da kwanan wata daidai babu abin da zai hana. Na biyu, gurbin sakan a saƙon NTP bit 32 ne, zai cika ya koma sifili ranar 7 ga Fabrairun 2036. Chrony ya san da wannan, amma 'yar manhajar awon da har yanzu ke ajiye a na'urar gaba cire 2,208,988,800 kawai take yi, kuma an rubuta gargaɗi a layinta na farko cewa kada a sake ba ta ikon taɓa agogo. Batir ɗin allunan biyu kuma an sa ranar duba su a bangon ofis, kusa da kalandar da Alhaji ke rubuta ranar biyan 'yan dako.